Matsayin Baƙi A Ranakun Bikin Ƙasa: Darasi Daga Ƙofar Fadar Zazzau

A kowace shekara Gwamnatin Tarayya takan keɓe waɗansu ranaku domin murna ko tunawa. Akwai ran 1 ga watan Oktoba, ranar samun mulkin kai a 1960. Akwai ran 15 ga watan Janairu, ranar tunawa da mazan jiya. Sa'an nan ga ran 12 ga watan Yuni, wadda ta zama Ranar Dimokuraɗiyya tun daga 2019. Akan ɗaga tuta, a yi fareti, shugabanni su yi jawabai a kan haɗin kai. Amma akwai tambaya guda da ba safai ake yin ta ba, watau ina matsayin baƙon da ke zaune a ƙasar nan a irin waɗannan ranaku? Shin Bazabarmen da ya shekara talatin yana sana'a a Zariya, ya yi aure ya hayayyafa, yana da rabo a cikin bikin, ko kuwa nasa kallo ne daga nesa?

Wanda ke son amsa sai ya dubi unguwar Kwarbai da ke cikin ganuwar birnin Zariya, daf da fadar Sarkin Zazzau. Ranar hawan Salla hanyoyin unguwar sukan cika maƙil, ba masaka tsinke. Mutanen Birni da na Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, har da 'yan Nijar da ɗaliban waɗansu ƙasashe, duk sukan yi cincirindo a ƙofar fada, kuma babu mai tambayar wani takardar asali. Ranar 1 ga Oktoba kuwa, galibin jama'a hutun ofis da na makaranta kurum suka sani, bikin ya zama na ma'aikatan hukuma da waɗanda aka aika wa katin gayyata. Bambancin da ke tsakanin ranakun nan biyu abin nazari ne ga duk mai riƙe da aikin hukuma.

WANE NE BAƘO A ZAZZAU?

Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Tarihin Zazzau kuwa ya nuna cewa raɓar jiya ita ce kabar yau. Gidajen sarauta huɗu ne ke gadon mulkin masarautar tun bayan jihadi, watau Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, kuma uku daga cikinsu sunan wurin da kakanninsu suka fito suke ɗauke da shi. Malam Musa, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, asalinsa na Malle ne. Yamusa daga Fulanin Barno ya fito, Abdulkarimu kuma daga na Katsina. Lokacin da aka naɗa Alhaji Ahmed Nuhu Bamalli a watan Oktoba na 2020, bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris, sarauta ta koma gidan Mallawa ke nan shekara ɗari cif bayan da Turawa suka tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi a 1920. Ba wanda ya taɓa ɗaukar sunan gidan a matsayin alamar baƙunta.

Haka kuma Zage-zagi da kansu sun ɗanɗana zaman baƙunta. Sarki Makau ya bar birnin a farkon ƙarni na 19 ya nufi kudu, ƙaninsa Abu Ja kuma ya kafa gari a ƙasar Gwari a 1828. Sunan wannan gari, Abuja, shi aka ara aka ba sabon babban birnin Tarayya, tsohon garin ya koma Suleja. Ashe ke nan birnin da ake yin babban bikin ƙasa a cikinsa sunan ɗan gudun hijira daga Zazzau yake amsawa.

Turawan mulki ne suka mai da baƙunta abin shata wa iyaka a ƙasa. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Zariya wajen 1911, sai aka keɓe Sabon Gari ga ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu da sauran ƙasashen bakin teku, aka keɓe Tudun Wada ga 'yan Arewa waɗanda ba 'yan Birni ba. Daga nan kalmar baƙo ta haifi ma'ana biyu da har yanzu ake cuɗanya su. Akwai ɗan Nijeriya da ya fito daga wata jiha, wanda bikin ƙasa nasa ne ba tare da wata gardama ba. Akwai kuma ɗan wata ƙasa, wanda shi ne abin magana a nan.

Irin waɗannan suna da yawa, kuma iri-iri ne. Akwai Buzaye da Zabarmawa da Hausawan Damagaram da Maraɗi, waɗanda da dama daga cikinsu farin 1973 da 1974 ne ya koro iyayensu. Akwai zuriyar Kwarori 'yan kasuwa. Akwai 'yan Ghana da suka koyar a makarantu a zamanin arzikin man fetur. Ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello, da aka buɗe a 1962, shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin ƙasar New Zealand ne. Farfesa Abdullahi Smith kuwa daga Ingila ya zo, ya musulunta, ya zama ɗan ƙasa, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970, ya kuma horar da da yawa daga cikin masanan da suka rubuta tarihin Arewa kafin rasuwarsa a 1984. Bugu da ƙari, taken ƙasar da Majalisar Tarayya ta maido da shi a watan Mayu na 2024 wata Baturiya mazauniyar Nijeriya, Lillian Jean Williams, ita ta tsara kalmominsa. Duk ɗan makarantar da ya miƙe tsaye yana rera shi ran 1 ga Oktoba, aikin baƙuwa yake rerawa.

BASHIN MAZAN JIYA

Batun ya fi nauyi idan aka zo kan ranar tunawa da mazan jiya. A zamanin Turawa ran 11 ga watan Nuwamba ake yin ta, kamar sauran ƙasashen da Ingila ta mallaka. Daga baya aka mai da ita 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Zariya tana da rabo babba a wannan rana, domin a nan ne makarantar horar da kuratan soja, wadda aka fi sani da Daffo, take tun 1924, ga kuma Makarantar Soja ta yara da aka kafa a 1954. Barikin Chindit ya samo sunansa ne daga rundunar Janar Wingate, wadda bataliyoyi uku na sojan Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a dazuzzukan Bama a 1944.

Abin da ba a cika faɗa a jawaban wannan rana ba shi ne, ba dukan waɗanda suka sa kakin sojan Nijeriya a yaƙe-yaƙen duniya biyu ne aka haifa a cikin iyakar Nijeriya ba. Turawa sun ɗauki Zabarmawa da mutanen Cadi da sauran waɗanda suka ƙetaro daga ƙasashen da Faransa ke mulka, suka koya musu Hausar bariki, suka tura su fagen fama. Waɗansu ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo kuwa da yawa ba su koma garuruwansu ba, suka zauna a gefen barikoki, jikokinsu na nan har gobe. Idan aka ajiye furanni aka saki tattabaru ba tare da an tuna da waɗannan ba, to tunawar ba ta cika ba.

'Yan Afirka sun daɗe suna kuka da irin wannan mantuwa a ƙasashen Turai. Sai a 2002 aka buɗe ƙofofin tunawa da sojojin Indiya da Afirka da tsibiran Karebiyan a birnin London. A watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ta nemi gafara, bayan bincike ya nuna cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Faransa ma sai a watan Nuwamba na 2024 shugabanta ya amsa cewa kisan gilla ne aka yi wa sojojin Afirka a Thiaroye, kusa da Dakar, ran 1 ga Disamba 1944. Ƙasar da 'ya'yanta suka sha wannan ɗaci ba ta kamata ta shayar da shi ga wasu ba.

ABIN DA YA SA BAƘO KE JA DA BAYA

Dalili na farko shi ne tsoro, kuma tsoron yana da tushe. Ran 17 ga Janairu 1983, kwana biyu kacal bayan ranar tunawa da mazan jiya, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice daga ƙasar. Kuɗin mai ya faɗi a lokacin, ga kuma tarzomar Maitatsine ta watan Disamba 1980 a Kano, wadda aka ɗora alhakinta a kan baƙi saboda jagoranta mutumin Kamaru ne. An ƙiyasta mutum wajen miliyan biyu ne suka fita, kimanin rabinsu 'yan Ghana. Gwamnatin soja ta sake yin wata korar a 1985. Kafin nan, a watan Janairu 1980, an ɗauki Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Jihar Barno, aka tsallakar da shi Cadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu ta maido masa da haƙƙinsa. A 1988 kuma aka fitar da Dokta Patrick Wilmot, ɗan Jamaika, bayan ya shekara goma sha takwas yana koyarwa a Samaru. Mutumin da ya ji waɗannan labarai daga bakin mahaifinsa ba zai yi gaggawar kai kansa inda jami'an tsaro suka taru ba.

Abubuwan da suka auku kwanan baya sun daɗa ƙarfafa wannan ɗari-ɗari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai an rufe iyaka, an yanke wa Nijar wutar lantarki, ba a buɗe ba sai watan Maris 2024. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta 2024, wadda ta sa aka kafa dokar hana fita a Kaduna da Zariya, an ga matasa ɗauke da tutar Rasha a waɗansu biranen Arewa, nan da nan kuwa aka shiga nuna baƙi da yatsa. An tsare 'yan ƙasar Poland bakwai a Kano, ɗalibai da malaminsu da suka zo ƙaro ilimin Hausa, aka sake su kafin ƙarshen watan. Daga bisani Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar ECOWAS ran 29 ga Janairu 2025. Yarjejeniyar 1979 ta wannan ƙungiya ce ta ba 'yan ƙasashenta damar shiga ƙasar juna su zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Ko da yake ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da mutunta takardun 'yan ƙasashen uku har sai an yanke wata shawara, ɗan Nijar da ke Zariya ya san cewa abin da ya zama haƙƙinsa a da ya koma alfarma.

Dalili na biyu shi ne bikin kansa ya ƙanƙance. Tun da bama-bamai suka tashi kusa da Dandalin Eagle a Abuja ran 1 ga Oktoba 2010, aka yi shekaru da dama ana yin bikin a cikin fadar shugaban ƙasa. Jihohi da ƙananan hukumomi suka bi sahu, wasu saboda tsaro, wasu saboda ƙarancin kuɗi. Macin 'yan makaranta da a da kan tara iyaye da 'yan kallo a filin wasa ya ragu ƙwarai. Bikin da ɗan gari ma bai sami shiga ba, ina baƙo zai samu?

Dalili na uku, wanda ya fi sauƙin gyara, shi ne babu mai gayyatarsa. Fada tana da hanyar da take sanin baƙi tun zamanin fatake. Baƙo yana da maigidan da ya sauke shi, maigidan yana da mai unguwa, daga nan sai dagaci da hakimi. A garuruwan Arewa da dama kowace ƙabila ko al'ummar baƙi tana da shugaban da fada ta sani, wanda kan zo gaisuwar Salla da mutanensa a bayansa. Sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta da irin wannan tsani. Jerin sunayen waɗanda take gayyata shekara da shekaru bai wuce 'yan siyasa da shugabannin sassa da jami'an tsaro ba.

HAUSAWA MA BAƘI NE A WANI WURI

Duk abin da aka yi wa baƙo a nan yana da amo a can. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta Ghana ta ba baƙi kwana goma sha huɗu su fita, Hausawa da Yarbawa masu yawa suka dawo gida da abin da hannu zai iya ɗauka. Ghana ta sake hanya daga baya. Sarkin Zangon Kumasi yana da mazauninsa a tarukan fadar Sarkin Asante. Shaihu Usmanu Nuhu Sharubutu, wanda asalinsa Bahaushe ne, ya zama Babban Limamin ƙasar a 1993, aka kuma saba ganinsa a sahun gaba a manyan tarukan ƙasa. A 2017 har ma'aikata aka kafa domin raya unguwannin zango.

Inda ba a yi haka ba kuwa an ga sakamakon. Hausawa da Fulanin Sudan, waɗanda wasunsu suka isa can tun bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno, sun haura shekara ɗari a ƙasar, amma a watan Yuli 2022 rikici ya ɓarke a jihar Blue Nile a kan ko suna da ikon mallakar ƙasa da sarauta, aka yi asarar rayuka masu yawa. Daɗewa kaɗai ba ta mai da mutum ɗan gari idan jama'a ba su saba ganinsa a cikin taronsu ba.

Tsakanin Nijeriya da Nijar ma an taɓa yin zumunci a irin waɗannan ranaku. Lokacin da Nijar ke zagayawa da bikin 18 ga Disamba jiha jiha, an yi na Maraɗi Kwalliya a 2015, aka yi na Zinder Sabuwa a 2018, inda Shugaba Muhammadu Buhari ya halarta da kansa. Can a Amurka kuma 'yan Nijeriya sukan yi jerin gwanon 1 ga Oktoba a titunan New York tun farkon shekarun 1990, hukumar birnin na tsare musu hanya.

HUJJAR MASU JA

Akwai masu ganin cewa ranar ƙasa ta 'yan ƙasa ce, kuma a wannan zamani na 'yan bindiga da iyakoki marasa tsaro bai dace a buɗe ƙofa ga wanda ba a san asalinsa ba. Damuwarsu ba ta banza ba ce. Sai dai baƙon da ya fito taro a bayan shugaban al'ummarsa, mai unguwa ya san shi, shi ne wanda hukuma ta fi sanin inda yake kwana. Wanda ake tsoro ba ya zuwa fareti. Haka nan halartar biki ba ta ba kowa ikon jefa ƙuri'a ko tsayawa takara, waɗannan doka ta riga ta keɓe su.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce kada gayyata ta rikiɗe ta zama gwajin biyayya. Dattawa suna tune da Ranar Daular Ingila, 24 ga Mayu, lokacin da akan jera 'yan makaranta a rana su sara wa tutar da ba tasu ba. Ranar da aka fara ƙirga wanda ya zo da wanda bai zo ba, ko jami'an shige da fice suka mai da filin biki wurin binciken takardu, to gara ma ba a yi gayyatar ba.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Tsarin Mulki na 1999 da kansa ya nuna hanya. Sashe na 27 ya shardanta wa mai neman zama ɗan ƙasa zaman shekara goma sha biyar, ya kuma ce sai gwamnan jihar da yake zaune ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓe shi, shi ma ya saje da rayuwarsu. Ta yaya gwamna zai san haka in babu wani dandali da baƙo da ɗan gari ke haɗuwa a gaban hukuma? A watan Satumba 2022 an miƙa wa mutum 286 takardar zama 'yan ƙasa a fadar shugaban ƙasa, jama'ar da suka zauna da su ba su gani ba. Amurka da Kanada sukan rantsar da sababbin 'yan ƙasa ran bikin ƙasarsu, a garuruwa daban-daban, a gaban maƙwabta. Ba abin da zai hana Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta riƙa aika irin waɗannan takardu jihohi a miƙa su ran 1 ga Oktoba.

Ƙananan Hukumomin Zariya da Sabon Gari ba sa bukatar sabon kasafi kafin su nemi Majalisar Masarautar Zazzau ta ba su sunayen shugabannin al'ummomin baƙi, su sa su cikin jerin waɗanda ake gayyata. Shugabannin makarantu suna iya tabbatar da cewa 'ya'yan baƙi sun shiga maci da wasannin ranar kamar kowane yaro. Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji da Sashen Tarihi na jami'ar Samaru suna iya haɗa hannu su tattara sunayen mutanen Nijar da Cadi da Kamaru da suka bi ta Daffo, tun jikokin da suka san labarin suna raye, a karanta su ran 15 ga Janairu tare da na sauran.

Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi. Mai yiwuwa ne da yawa daga cikin waɗanda za a gayyata ba za su zo ba a shekarar farko, domin tsoron da ya shekara arba'in ba ya gushewa da katin gayyata guda. Amma ƙofar fadar Zazzau ta riga ta nuna cewa idan aka dinga kira shekara bayan shekara, ba tare da tambayar asali ba, jama'a sukan amsa. Saura ga ma'aikatan da ke rubuta jerin sunayen bana su ƙara layi.